Karen tsintuwa: abin da mai gida da uwargida ya kamata su sani kafin su buɗe masa ƙofa

Duk mai sammakon zuwa kasuwa, ko a Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya san su. Karnuka ne da ke kwana a bakin mahauta, da masu tonon juji, da ƴan kwikwiyon da karya ta zuba a ƙarƙashin rumfa ko cikin kango, ta fita neman abinci mota ta take ta ba ta dawo ba. Mafi yawan mutane wucewa suke yi, yara kuma su bi su da jifa. Amma kullum sai an samu wanda zai sunkuya ya ɗauki guda, ya sa a kwali ya nufi gida da shi. Wani tausayi ne ya kama shi. Wani kuma lissafi ya yi: ɓarayi sun fasa mangazar maƙwabcinsa, kuɗin gardi sun yi masa yawa, ga buhunan wake a zaure, ga ragunan turka a bayan gida suna jiran Layya.

Ko tausayin ne ko lissafin, wannan shawara da ake yankewa cikin minti biyar tana iya bin mutum shekara 10 ko fiye, domin kare mai samun kulawa yana kai waɗannan shekaru. Kuma abin da ke cikin kwalin nan yana iya zama mai tsaron dukiyar gida, yana kuma iya zama hanyar da cutar da ba ta da magani za ta shigo wa yaran gida. Bambancin duka yana ga abin da mai ɗauka ya yi a makonnin farko, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da ƴan kasuwa da iyayenmu mata a kan wannan magana.

Yadda ake yi a ƙasashen Turai

A Turai ɗaukar karen da ba shi da mai shi tsohuwar al'ada ce, har da gidaje na musamman. A Faransa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi da ake kira SPA an kafa ta tun 1845. A birnin Landan na Ingila gidan tara karnukan da aka yasar, wanda aka fi sani da Battersea, ya fara aiki tun 1860, kuma har yau yana nan. A irin waɗannan gidaje, idan aka tsinto kare, sai lokotoron dabbobi ya duba shi, a yi masa allurai, a ba shi maganin tsutsa, a lura da halinsa, yawanci kuma a yi masa aikin hana haihuwa. Mai so ya ɗauka sai an tambaye shi girman gidansa, da ko akwai yara, da wanda zai kula da dabbar idan ya yi tafiya.

Faransa ta ƙara tsananta abin da dokar ranar 30 ga Nuwamba 2021. Tun daga Oktoba 2022, wanda zai karɓi kare ko kyanwa sai ya sa hannu a wata takardar alkawari da ke bayyana masa buƙatun dabbar, kuma sai kwana 7 sun wuce bayan sa hannun kafin a miƙa masa ita, don ya samu lokacin tunani. Daga Janairu 2024 kuma aka hana baje karnuka da kyanwoyi don sayarwa a kantunan dabbobi. Dalili shi ne mutane kan saya da ɗoki, bayan ƴan watanni su gaji su watsar a hanya.

Mu a nan ba kowane gari ne ke da irin waɗannan gidaje ba. Mai tsintuwa shi ne ma'aikacin, shi ne mai binciken, shi ne kuma mai ɗaukar alkawarin. To, kwana 7 ɗin nan na tunani ba sai da doka ba, kowa yana iya ba kansa.

Kare ba baƙo ba ne a ƙasarmu

Wasu na ɗauka kiwon kare kwaikwayon Nasara ne. Ba haka ba ne. Mafarauta na da nasu tun kaka da kakanni, har Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Makiyaya na da nasu masu raka garke, masu garka a Galmi da Madawa da bakin Gulbin Maraɗi na da masu kwana a kan albasa da tumatir. A arewacin jihar Tawa kuwa, yankin Azawak, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai dogon karen nan siriri mai gudun tsiya da Buzaye ke kiwo. An fara kai shi Turai cikin shekarun 1970, a can ma da sunan Azawak ake kiran shi, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta amince da su. Abin da muke wucewa ba mu kalla, wasu na can suna biyan kuɗi masu yawa a kansa.

Ta fuskar addini ma, tunda tambayar na yawan zuwa daga masu sauraro a gidajen radiyo, abin da ya tabbata cikin hadisai shi ne an yi rangwamen riƙe kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, an kuma yi kashedi a kan riƙe shi ba da wata buƙata ba. Malamai da dama sun haɗa tsaron gida da dukiya cikin wannan rangwame idan akwai tsoron ɓarayi. An yi umarni da wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sau 7. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu. Bayanin hukunci filla-filla na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Amma abu guda a fili yake: wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa.

Kafin ka sunkuya ka ɗauka

Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Maganar na da gaskiya a wani gefe, domin babban kare da ya saba da yawon juji da wuya ya zauna gida, kuma ba ka san abin da ya gamu da shi ba. Amma ɗan kwikwiyo da aka ɗauka da wuri, aka ciyar, aka saba masa da mutanen gida, yakan zama mai gadi na ƙwarai, kuma karnukanmu na gida sun fi na waje jure zafi da cututtukan wurin nan.

Abu na farko, a tabbatar ba shi da mai shi, a tambayi masu rumfunan kusa da mutanen unguwa. Na biyu, idan uwar na nan tana shayarwa, a bar shi wurinta har ya kai kamar mako 8. Wanda aka raba da uwa tun idonsa bai gama buɗewa ba da wuya ya rayu, in ya rayu ma yakan tashi da rashin lafiya da saurin cizo. Kuma karya mai jego tana da faɗa, kada a aiki yaro ya ɗauko.

Na uku, a tsaya daga nesa a dube shi tukuna. Karen da ke da raunin cizo a jikinsa, ko yawu na dalala, ko yana tangaɗi, ko muƙamuƙinsa ya saki baki a buɗe, ko yana cizon itace da ƙasa da duk abin da ya gani, wannan ba na ɗauka ba ne, na sanar da ma'aikatan kiwo ne. A lura kuma, ƙanƙanta ba shaida ba ce ta lafiya. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da cutar hauka, kuma shi ne yara suka fi runguma.

Na huɗu, ranar da aka ɗauke shi ko washegari a kai shi ma'aikatar kiwo ko wurin lokotoron dabbobi mai zaman kansa. A can za a duba shi, a ba shi maganin tsutsa, a faɗa maka ranar allura. Allurar hauka bisa al'ada ana fara ta daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda lokotoro ya rubuta, a nan yawanci shekara-shekara. Akwai kuma allurar da ke kare ƴan kwikwiyo daga cutar zawo da jini da amai, wadda ke kashe su cikin ƴan kwanaki. A karɓi karne, wato takardar allura, a adana ta tare da takardun gida, domin ranar da karen ya ciji ɗan wani ita ce za ta yi maka shaida. Kada a sayi allurar wurin masu tallar magani a kasuwa: ruwan allurar rigakafi sai an ajiye shi cikin sanyi, wanda ya wuni a rana bisa tire ba a dogara da shi.

Na biyar, a makonnin farko a ware shi wuri guda, babba guda ya riƙa ba shi abinci, yara su yi nesa. Allura tana kare lafiyayyen kare ne, ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta shiga jikinsa, ita kuwa cutar tana iya kwantawa makonni ko watanni ba ta nuna ba.

Haukan kare: cutar da ba ta da magani in ta bayyana

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum kusan 59.000 kowace shekara a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka, har kashi 99 cikin 100, daga kare mutum ke samun ta, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 da ta kashe yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Dalilin yawan yaran a bayyane yake: su ke wasa da kare, su ke jifan shi, tsawonsu kuma ya sa cizon na samun su a fuska da wuya da hannu, sannan da yawa kan ɓoye cizon don tsoron duka.

Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar. Tana shiga ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar wurin da ke da ƙurji ko tsaga. Daga nan sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma tana iya zama mako guda, tana iya kaiwa shekara. Idan cizon na kusa da kai ne, tafiyar ta fi gajarta. A nan yaudarar take: ciwon ya warke, yaro ya koma lakkol, kowa ya manta, sai wata rana a ga zazzaɓi, da ƙaiƙayi a tsohon tabo, da firgita, da kasa haɗiye ruwa duk da ƙishirwa. Sau da yawa sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani. Idan alamu suka kai nan, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana, allura na tsayar da cutar. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 aka san haka, lokacin da masanin nan na Faransa, Luwi Fasto, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu.

A jikin kare cutar na da fuska biyu. Akwai mai faɗa, wanda ke gudu ba tsayawa yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai kuma mai shiru, wanda ke laɓewa a lungu, baki a sake, ba ya iya haɗiya. Wannan na biyun ya fi cutar da masu shi, domin sai a ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, mai gida ya tura hannu cikin bakin don ya ciro. Kada a kuskura a yi haka. Masu turka da masu amalanke su kuma sani, cutar na kama akuya da rago da saniya da jaki da raƙumi idan mahaukacin kare ya cije su, ke nan asarar har da jari.

Darasin Njamena

Duk lokacin da cizo ya yawaita a gari, abin da aka saba ji shi ne a zuba guba a kashe karnuka. Masana lafiyar dabbobi sun daɗe da nuna cewa wannan ba ya kawar da cutar. Muddin juji da ragowar mahauta na nan, waɗanda suka tsira za su hayayyafa, wasu kuma su shigo daga ƙauyuka su cike gurbin. Ga shi guba ba ta tambayar karne, da mai allura da marar allura duk kashewa take, tana kuma iya faɗawa kan kaji da awaki, har da yara.

Abin da ke aiki shi ne allura. Idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, aka kuma maimaita, cutar ba ta samun inda za ta yi tsalle, sai ta mutu da kanta. An gwada wannan a maƙwabciyarmu Cadi. A 2012 da 2013 an yi rigakafin gama-gari kyauta a birnin Njamena, da haɗin gwiwar hukumomin ƙasar da wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwis, aka yi wa karnuka wajen dubu 20 allura kowace shekara, abin da ya haura kashi 70 cikin 100. Sakamakon haka aka yi watanni da dama a 2014 ba a ga mahaukacin kare a birnin ba. Daga baya cutar ta sake shigowa da karnukan da aka kawo daga waje, wanda ke nuna aikin ba na shekara guda ba ne, ba kuma na gari guda ba. Ƙasar Meziko da ta dage shekara da shekaru, a 2019 OMS ta tabbatar da cewa ta raba mutanenta da mutuwar haukan kare. Burin da hukumomin duniya suka sa gaba shi ne a kai 2030 ba mai mutuwa da wannan cuta ta hanyar kare.

Ke nan wanda ya ɗauki karen titi guda, ya yi masa allura, ya tsare shi a gida, ba kansa kaɗai ya yi wa aiki ba, ya rage wa unguwa baki guda mai yaɗa cuta.

Tsaron kare a cikin gida

Babban abokin gaban kare a ƙasarmu shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana na haura digiri 40, wasu ranaku ya tasam ma 45. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi. Wanda aka ɗaure a tsakiyar rana, ko aka kulle a ɗakin kwano ko cikin mota, yana iya mutuwa kafin la'asar. A yi masa rumfar zana ko a ɗaure shi gindin itace, a lura inuwa na juyawa, a ajiye masa ruwa a kwano mai nauyi da ba zai kifar ba. Kwanonsa daban, ba ya haɗuwa da na gida, kuma wurinsa nesa da madafa da randa da wurin salla. Idan aka ga yana haki da ƙarfi ya kasa tashi bayan ya sha rana, a kai shi inuwa a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da ƙafafu, ba tare da kai hannu bakinsa ba, a nemi lokotoro.

Sai maganar ɗauri. Kada a ɗaure shi da waya, tana yanka wuya. A sa masa abin wuya na fata ko na ƙyalle mai faɗi wanda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya, a riƙa sassautawa yayin da yake girma. Karen da ke kan guntuwar sarƙa dare da rana shi ya fi kowane kare cizo ranar da ya kuɓuce. In gida na da katanga da ƙofa, a sake shi da dare cikin gida, ba a titi ba, inda kabu-kabu da motoci da sauran karnuka ke jiran shi. A rufe rijiya da ramin shadda. Masu cewa sai an bar kare da yunwa, ko an ba shi barkono ko ƙwaya, ko an riƙa dukan shi sannan zai yi gadi, suna shuka wa kansu masifa ne, domin irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci. Aikin mai gadi shi ne ya yi haushi ya tada mai gida.

Ga iyayenmu mata masu sayar da abinci, ragowar tuwo da shinkafa da ƙanzo da ɗan romo da dafaffen nama duk suna yi. Amma akwai abin da ke abinci gare mu, guba gare shi. Albasa da tafarnuwa masu yawa na lalata masa jini. Goro, da ganyen shayi, da kofi, da cakulan na bugar masa da zuciya. Ƙashin kaza dafaffe na tsagewa ya soke hanji. Maganin ciwon kai na mutane irin su farasitamol kada a ba shi ba da izinin lokotoro ba. Masu mangaza kuma su kula da maganin ɓera, da piya-piya, da ƙwayoyin da ake sa wa buhunan wake, domin kare na cin abincin da aka gauraya da guba, yana kuma cin mataccen ɓera. Wurin da aka ɓoye su daga kare, daga yaro ma an ɓoye.

Mahauta na da nasu rabon. Huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa da aka ƙi saye, kada a jefa wa kare ɗanye. Daga nan yake ɗaukar wata tsutsa wadda ƙwanta ke fita cikin kashinsa, ya hau hannun yara ko ganyen salati, ya shiga cikin mutum ya yi masa ƙullutu a hanta da sai an yi aiki. A dafa sosai ko a binne da zurfi. Masu kifi ma haka: a Cadi tun 2012 ake samun kurkunu a jikin karnukan bakin kogin Shari, kuma ana danganta shi da cin ɗanyen kayan cikin kifi. Nijar ta samu shaidar OMS ta rabuwa da kurkunu a 2013, bai kamata sakaci ya maido muna da shi ba. A ba kare maganin tsutsa duk wata 3, a kwashe kashinsa kullum a binne, yara su wanke hannu da sabuni.

Kaska da ƙuma da ƙazuwa kuwa akwai maganinsu wurin lokotoro. Shafa masa baƙin man mota ko fesa masa maganin gona na ƙona fata, yana lasa kuma ya mutu. Sai haihuwa: cikin karya kwana 63 ne, kamar wata 2, yawancinsu na neman namiji sau 2 a shekara, kuma haihuwa guda na iya kawo 5 ko 6 ko fiye. Wanda ba ya da inda zai kai su, ya tsare ta a waɗannan kwanaki ko ya nemi a yi mata aikin hana haihuwa, namijin kuma a dandaƙe shi wurin masana. Zubar da ƴan kwikwiyo a juji shi ke cika muna kasuwanni da karnukan da muke kuka da su.

Idan cizo ya faru

A koya wa yara abu uku: ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko yana tare da ƴaƴansa, ba a gudu a gabansa, a tsaya cik a kawar da ido, kuma duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ya faɗa nan take, ba wanda zai doke shi. Jariri da ƙaramin yaro ba a barin su su kaɗai da kare, ko na gida ne. Ƴan talla da almajirai da masu kawo ruwa na shiga gidaje kullum, a tsare kare da rana saboda su. Doka ta ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar da dabbarsa ta yi.

In har an yi cizon, aikin farko ba ya buƙatar ko dala. A wanke wurin da ruwa mai yawa da sabuni har tsawon minti 15, a duba agogo, domin minti 15 na da tsawo. Wannan wanki kaɗai na rage haɗari ƙwarai. In akwai maganin ciwo irin Betadine a zuba. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko gashin karen da wasu ke ƙonawa su shafa, ba ɗaya cikinsu da ke kashe ƙwayar cutar. Kada a ɗaure wurin tamau. Sannan a tafi likita a ranar, ba sai an tashi daga kasuwa gobe ba. Allurar ba guda ba ce, kashi-kashi ake yin ta, misali ranar farko, da ta 3, da ta 7, wani tsarin har da ƙari daga baya, kuma sai an cika ta duka. Idan raunin na da zurfi ko a fuska yake, akwai wata allurar ta daban da ake yi a bakin raunin. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Ko an makara da kwanaki ko makonni, a tafi, muddin alamu ba su fito ba.

Shi kuma karen, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya ƙara shan cizo ba, kada a kashe shi. A kulle shi da ci da sha, ma'aikatan kiwo su sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Idan ya wuce waɗannan kwanaki lafiya lau, ba ya yaɗa cutar a ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a je likita. In kuwa an riga an kashe shi ko ya mutu, kada a taɓa gawar da hannu, a kira ma'aikatan kiwo, su suka san yadda ake aika kan zuwa ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai.

Ɗan kasuwa da lissafi aka san shi. OMS ta ƙiyasta cewa jinyar mutum guda bayan cizo na cin kimanin dalar Amurka 108, wato jika 60 da ɗoriya a kuɗinmu. Allurar kare ta shekara ba ta kusa da haka. Rigakafi ya fi magani, a nan kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Luwi Fasto ya rasu a 1895. Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa na Dole da Katako da Wadata da babbar kasuwar Maraɗi da sauran kasuwanninmu, da sarakunan fawa, da ƙungiyoyin mata masu adashe, da su tuntuɓi magadan gari da ma'aikatar kiwo a tsayar da ranar allurar karnukan unguwa, a kuma gyara wurin zubar da ragowar mahauta. Wanda ke da kare a gida ya duba karnensa yau ya ga yaushe aka yi allurar ƙarshe. Wanda ba zai iya ci da sha da allurar ba, ya bar kwikwiyon ga wanda zai iya. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, amin.